Yankari: A Tuna Da Manoman Bakin Daji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi.

Duk sanda aka tashi zancen Yankari, hankali kan tafi kan ɗakunan baƙi da ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a maki 31 na ma'aunin Celsius rani da damina. Ba laifi, baƙi ke kawo kuɗi. Amma mai tasowa daga Kano ko Legas giwa ya zo gani, da ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji. Su kuwa dabbobin nan rayuwarsu na hannun ma'aikacin da ke sintiri da manomin da gonarsa ke maƙwabtaka da dajin.

Manomin nan shi aka fi mantawa da shi. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ba katanga gare shi. Idan dawa ta fara nuna, giwaye kan fito da dare, kafin asuba sun gama da gonar da magidanci ya yi wa noman fari da maimai. Abin da ba su ci ba sun tattake shi. Iyakar abin da mutane ke iyawa shi ne buga gwangwani, kunna wuta da ihu. To wanda aka bari da rumbu wayam, ta yaya za a sa ran ya kai rahoton mafarauci, ko makiyayin da ya kutsa da shanu?

Tun 1956 aka keɓe dajin, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. Saboda haka ga gwamnatin Bauchi nake miƙa kokena. A ware wani kaso na kuɗin shiga don biyan diyyar gonaki, a kuma biya da wuri, kafin yunwa ta shiga gida. A gwada shingen amya irin wanda manoman Kenya ke yi, tunda giwa na shakkar ƙudan zuma, manomi kuma ya samu zumar sayarwa. Aikin gadi kuwa a riƙa ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan, su suka san duk wata ɓarauniyar hanya, kuma kada alawus ɗinsu na sintiri ya riƙa makara.

Garken Yankari na cikin 'yan ragowar giwayen Najeriya. Ina fata ku tura wakilinku ƙauyukan bakin dajin da kakar bana, ya ji daga bakin manoman.

Wassalam.

Mai karatunku daga Alkaleri