Kyamara A Ɗakin Barcin Masu Larurar Ƙwaƙwalwa

Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wata ɗabi'a da ta fara shiga gidajenmu a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, wato kafa kyamara mai haɗe da waya a ɗakin barcin mai larurar ƙwaƙwalwa, irin galahanga ko tawayar fahimta. Iyayen da ke yin haka suna da hujja, domin kusan ɗaya cikin biyar na masu tawayar fahimta suna fama da farfaɗiya, kuma wadda ta tashi cikin dare ba kowa a kusa ta fi haɗari. Wani kuma yakan zare sakata ya fice gari ana barci.

Sai dai budurwa 'yar shekara ashirin, ko da ba ta iya magana, tana da al'aura kamar kowa. Aya ta 58 a Suratun Nur ta umarci hatta yaran gida da neman izini kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan isha'i, alhali kyamara ba ta sallama, kuma hoton da ta ɗauka yakan bi ta kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje kafin ya iso wayar uwa, daga nan kowane ɗan uwa na iya tura shi a WhatsApp. Sashe na 22 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu shi ma ya hana kutsawa cikin sirrinsu.

Akwai na'urorin da ba su ɗaukar hoto. Wata siririya ce da ake shimfiɗawa ƙarƙashin katifa, tana jin jijjigar farfaɗiya da saukar mutum daga gado. Wata tana aiki da rada, wato igiyoyin rediyo da take aikawa su dawo mata, tana gane numfashi da faɗuwa ba tare da ta ga fuska ko jiki ba. Wata kuma a ƙofa ake maƙala ta. Farfaɗiyar da ba ta zuwa da jijjiga takan kuɓuce musu, don haka ba su maye gurbin magani da mai kwana a kusa.

Mafi yawansu an ƙera su ne don gidajen Turai. A nan wuta tana ɗaukewa, kuma a zafin Maris da Afrilu tsakar gida muke kwana a kan tabarma, inda na'urar katifa ba ta da amfani. Ina kira ga Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a, bisa dokar 13 ga Afrilun 2010 ta kare naƙasassu, da ta nemi a sassauta kuɗin kwastan kan masu batir ko sola, waɗanda ake ɗaurawa a hannu, masu aika gargaɗi ta saƙon tes ko da babu intanet.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Garwa, Kamaru