Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sakataren Majalisar Masana Adabi Ta Ƙasar Suwidin

Mai girma Sakatare,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, nakan kasa kunne in ji sunan da za ku ambata a Stockholm. Ba na cikin masu raina lambar Nobel ta adabi. Na ga yadda take ɗauko marubucin da ba kowa ya san shi ba, kafin shekara ta zagayo an juya littattafansa zuwa harsuna barkatai. Sanin nauyinta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A wasiyyar da Alfred Nobel ya rubuta a 1895 ya ce kada a dubi ƙasar mutum, a ba wanda ya fi cancanta. Daga 1901 da aka fara rabawa zuwa yau, Afirka ta samu rabonta, ba za mu yi butulci ba. Wole Soyinka ya karɓa a 1986, Nadine Gordimer a 1991, J. M. Coetzee a 2003, Abdulrazak Gurnah a 2021. Amma dukkansu da Turanci suka yi rubutu, har da Gurnah wanda Suwahili ya sha a nono. Najib Mahfuz na Masar ne ya samu da Larabci a 1988. Wanda ya rubuta da Suwahili ko Hausa ko Yarabanci ko Amharik ko Zulu kuwa, ko ɗaya babu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne Ngugi wa Thiong'o na Kenya. Mutumin nan ya riga ya yi suna da Turanci, ya ajiye shi ya koma harshensu na Gikuyu. An kulle shi a kurkukun Kamiti a ƙarshen 1977 saboda wasan kwaikwayon da ya shirya da talakawa cikin harshensu, a can ya rubuta littafi sukutum a kan takardar bayan gida. Shekara da shekaru masu karatu suna sa ran za ku kira sunansa, har rai ya yi halinsa a watan Mayun 2025 yana da shekara 87. Dokarku kuma ba ta ba mamaci. Wannan ƙofar ta rufe ke nan.

Kada a ce ƙanƙantar harshe ce ta hana. Frédéric Mistral ya samu a 1904 da wani harshe na kudancin Faransa, Isaac Bashevis Singer ya samu a 1978 da Yidish, harshen Yahudawan Turai. Lokacin da kuka karrama Halldór Laxness a 1955, mutanen ƙasarsa Aisilan gaba ɗayansu ba su kai dubu 200 ba. Masu jin Hausa kaɗai sun ninka masu jin harshenku sau da yawa, kuma alƙalami ba baƙonsu ba ne: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da Fulatanci da Hausa da Larabci take tsara waƙoƙinta. Tunda kun yarda a 2016 cewa waƙar da ake rerawa ma adabi ce, da kuka ba mawaƙin Amurka Bob Dylan, to ai nahiyar nan rumbun irin wannan fasaha ce.

Na san ku 18 ne kacal, ba mai iya karanta harsunan duniya duka. Na kuma san laifin ba naku ba ne ku kaɗai, mu ma mun yi sakaci da fassara da buga ayyukanmu. Sai dai hanyar gyara tana hannunku. Farfesoshin adabi da harshe da shugabannin ƙungiyoyin marubuta na cikin masu ikon miƙa suna kafin ƙarshen Janairu. Roƙona shi ne takardar gayyatarku ta riƙa isa sassan nazarin harsunan Afirka da ke jami'o'in nahiyar, a kowace shekara. Idan suna ya zo muku daga can, ku ɗauki nauyin fassara aikinsa, ku nemi shawarar masanan da suka tashi cikin harshen, kafin ku yanke hukunci.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar adabi