Rahoton ayyukan shekara: ƙaurar malamai zuwa Moodle

Assalamu alaikum manyanmu farfesoshi da sauran 'yan uwa mambobi. Ga rahoton abin da ƙungiya ta yi bana, kuma gaskiya kusan duk ƙarfinmu a wuri ɗaya ya tafi, wato horar da malamai su baro tsohon dandalin karatu su koma Moodle kamar yadda jami'a ta yanke.

Moodle dai ba baƙo ba ne a duniya, Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ne ya ƙirƙiro shi, ya fito tun 2002, kuma manhaja ce ta kyauta da makaranta za ta ɗora a sabarta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe shafukanta na intanet, ta gyara yadda take so. Amma da yawanmu sai a kullen korona na 2020 muka fara koyarwa ta intanet, a gurguje muka koyi tsohon dandalin, toh yanzu da hannu ya saba sai aka ce a tashi, dole mutum ya ji nauyi.

Zaman farko a babban zaure muka yi da majigi, mai horarwa na nuna danna nan danna can, kowa na gyaɗa kai, bayan sati sai ga waya ta ko'ina ana tambayar abin da aka riga aka nuna. Nan muka gane kuskurenmu muka canza salo, kowane malami ya zo da laftof ɗinsa da kwas ɗin da zai koyar a zangon, a zauna mutum biyu ko uku, ba a tashi sai ya gina makon farko da hannunsa. Wannan ne ya yi aiki. Kuma bari in faɗa, zancen da ake yi wai manyan malamai ne za su ba da wahala ba haka muka gani ba, wasu iyayenmu farfesoshi su suka fi kowa zuwa da wuri da tambayoyinsu a rubuce, Allah ya saka musu da alheri.

Kwashe fayiloli bai ba mu matsala ba, PDF da silaid duk sun wuce lafiya. Inda aka sha fama shi ne tambayoyin gwaji da littafin maki. Malamin da ya shekara da shekaru yana tara tambayoyi ba zai yarda ya sake buga su ɗaya bayan ɗaya ba, kuma yana da gaskiya, shi ya sa muka koyar da tsarin Aiken, ka rubuta tambaya, zaɓi A B C a ƙasa, layin ƙarshe ka sa amsa, ka loda fayil ɗin su shige rumbun tambayoyi gaba ɗaya, daga nan ma kana iya sa kowane ɗalibi ya samu nasa tambayoyin daban. Shi kuwa littafin maki in ba ka saita nauyin jinga da gwaji da jarabawa tun farko ba, wato kason da kowanne zai ɗauka a jimilla, jimillar da ɗalibi zai gani ba ita ce ta gaskiya ba, kuma hakkin yara ne wannan, don haka muka maimaita zaman har sau biyu.

Wani abu da ya tsaya min a rai, har yanzu wasu na ɗaukar hoton takarda su loda a matsayin darasi, alhali manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ba ta iya karanta hoto, ɗalibinmu makaho sai ya nemi mai karanta masa. Don Allah a riƙa loda rubutu na ainihi. Bidiyo ma a yanka shi gajeru saboda masu ƙarancin data, a kuma nuna wa ɗalibai cewa manhajar Moodle ta waya na bari su sauke darasi su karanta ba intanet.

Sauran ayyuka, mun yi tarurrukanmu yadda aka saba, bayanin kuɗi kuma ma'aji zai kawo nasa daban. Malamai na wucin gadi ba mu kai gare su yadda ya kamata ba saboda lokacinsu bai dace da namu ba, da su za mu fara baɗi in sha Allah, zaman yamma da na ƙarshen mako. Duk wanda bai sauke makin ɗalibansa da tsofaffin jinga daga tsohon dandali ba ya hanzarta kafin a rufe shi, in ya maƙale ya nemi wakilin tsangayarsa su zauna tare.