Wasiƙa daga Bronx, birnin New York na Amurka, zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Mu nan lafiya lau. Sanyi ya fara ja da baya, aikin tasi kuma ana ta fama.

Na ji saƙon da ka bar mini, cewa labari ya iso gida wai ina biyan kuɗi ana koya wa ɗana Abba wasa, har Hajiya ta nuna damuwa. Gaskiya ne ina biya. Gara in rubuto maka dalilin, don a waya ba a gama magana.

Wasan ana ce masa besbol. Mutum tara-tara ake yi: wani ya jefo ƙwallo ƙarama mai tauri, wani ya maka ta da kulki ya ruga. Unguwarmu cike take da mutanen Jamhuriyar Dominika, su kuwa da wannan wasa suke tashi tun suna ƙanana. Filin ƙungiyar Yankees ba shi da nisa da mu. Tsohon filinsu da aka buɗe a 1923 an rushe shi, an mai da wurin filin jama'a, can yara ke taruwa da yamma.

Abba yana cikin gasar yara da ake kira Little League, wadda aka kafa a 1939 a garin Williamsport na jihar Pennsylvania. Masu horar da su iyaye ne 'yan sa-kai, Allah ya saka musu, amma mutum ɗaya da yara fiye da goma ba zai iya tsayawa kan kowa ba. Shi Abba mai jifa ne, kuma da hannu kaɗai yake jifan, har ya fara kukan gwiwar hannu. Abin ya tayar mini da hankali ƙwarai, domin jijiyar wurin kan tsinke, sai an yi tiyata. Tiyatar ma sunan ɗan wasan da aka fara yi wa a 1974 take ɗauke da shi, Tommy John. Shi ya sa dokar gasar ta hana yaro mai shekara 11 ko 12 wuce jifa 85 a rana, wanda ya kai 66 kuma dole ya huta kwana huɗu.

Da likita ya ce ya warke, na nemo masa koci na musamman, wani dattijo ɗan Dominika. Awa ɗaya a mako, su biyu kawai, a wani tsohon sito da aka kewaye da raga. Yaya, da ka ga haƙurin mutumin nan! Makonnin farko ko jifa da ƙarfi bai bar shi ya yi ba. Tsayuwa yake gyara masa, da inda zai sauke ƙafar hagu, da yadda zai murɗa ƙugu, domin ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, kamar dai naushin ɗan dambe. Yakan ɗauke shi bidiyo a waya, su zauna su kalla a hankali. Yanzu jifan ya fi sauri, ciwon kuma bai dawo ba, alhamdu lillahi.

Akwai masu ruɗin iyaye da zancen miliyoyi, su sa yaro cikin ƙungiyar da ke yawo jiha-jiha, kuɗi na ta zuba. An yi mini tayi, na ƙi. Sai a 2017 haifaffen Afirka na farko, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, ya buga a babbar gasar Amurka, ka ga hanyar ba ƙaramar wuya ba ce da ita. Ni burina yaron ya tsira da hannunsa, ya kuma samu abin da zai ɗauke shi daga zaman bakin titi, wanda shi ne babban tsoron kowane uba a nan.

Na gindaya masa sharaɗi: ranar da ya yi fashin Islamiyya ko makinsa na boko ya sauka, babu koci. Kuɗin kuma daga ƙarin jigilar filin jirgi da nake yi da asuba yake fitowa. Abin da nake aikowa gida duk wata ba zai ragu ba, da yardar Allah.

Don Allah ka zauna ka yi wa Hajiya bayani, ka fi ni iya kwantar mata da hankali, ka ce ta sa takwaran Baba a addu'a. Idan an samu mai tahowa, a haɗo mana da kuka da daddawa, namu sun kusa ƙarewa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka