Wasiƙa daga Levallois-Perret

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da su Inna. Allah ya sa damina ta yi muku albarka a Maraɗi.

Saƙonka ya iso, na kuma ga ƙorafinka cewa ka duba taswira ka rasa garin da nake zaune, sai Paris kawai kake gani. Ba laifin idonka ba ne. Levallois-Perret manne yake da Paris ta arewa maso yamma, kogin Seine ya tare shi ta baya, Neuilly da Clichy kuma sun matse shi ta gefe biyu. Faɗinsa duka murabba'in kilomita 2.41 ne, amma mutanen da ke ciki sun haura 65,000. Ka yi lissafi da kanka: kimanin mutum 27,000 ke nan a kowane murabba'in kilomita. Duk Faransa babu garin da ya kai shi cunkoso, har Paris ɗin kanta.

Na san da ka ji cunkoso hankalinka zai tafi babbar kasuwarmu ranar da take ci. Ba haka abin yake ba. A nan jera mutane aka yi sama da sama, bene hawa shida, hawa bakwai, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Bayan isha'i titi tsit yake. Maƙwabcinka ba ya wuce gaisuwar baki ɗaya a kan matakala, kuma ba wulaƙanci ba ne, tarbiyyarsu ke nan.

Asalin garin kuwa cinikin filaye ne. A 1822 wani attajiri, Jean-Jacques Perret, ya sayi fili a nan da niyyar ya yanka wa masu kuɗi, kasuwar ba ta karɓe shi ba. Sai a 1845 Nicolas Levallois, wanda sana'arsa sayar da giya ce, ya shiga dillanci ta wata hanyar: ya yanka filaye ƙanana da talaka zai iya saye, ya shata tituna miƙaƙƙu masu gittawa da juna. Ma'aikata da masu sana'ar hannu suka yi ta tururuwa. A 1867, zamanin Napoleon na Uku, aka ba wurin matsayin gari mai magajinsa, aka haɗa sunayen mutanen biyu, wanda ya yi asara da wanda ya ci riba.

Daga nan masana'antu suka cika shi. Hasumiyar Eiffel da kake gani a hotuna, a nan aka ƙera ƙarafunanta, guda fiye da 18,000, a ma'aikatar Gustave Eiffel, ana ɗora su a kekunan doki zuwa bakin aiki, har aka kammala ta a 1889. Shi kansa Eiffel a maƙabartar garin yake kwance. A can kuma aka binne Louise Michel a 1905, malamar makarantar nan da ta shiga boren talakawan Paris na 1871, aka kore ta zuwa wani tsibiri mai nisa a tekun Fasifik. Ɗaya daga cikin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa uku na garin sunanta aka sa mata. Sai motoci: ƙaramar Citroën ɗin nan, 2CV, a nan aka yi ta haɗa ta har 1988. A wancan lokaci garin leburori da makanikai da direbobin tasi ne, shi ya sa daga 1965 zuwa 1983 ɗan kwaminis ne magajin gari, Parfait Jans.

Yau ko ƙamshin baƙin mai ba za ka ji ba. A 1983 Patrick Balkany ya karɓi kujerar, ya riƙe ta har 1995, ya dawo a 2001 ya zauna har 2020. A hannunsa aka rushe tsofaffin masana'antu da gidajen ma'aikata, aka dasa ofisoshin gilashi da gidaje masu tsada a bakin kogi. Garin yana cikin na farko a Faransa da aka kafa wa kyamarorin sa ido a tituna. Tsabta kam akwai ta, ga furanni, ga wuraren renon yara, ga 'yan sandan gari a ko'ina. Amma bashin da aka ɗora wa garin ya yi suna a ƙasar, kuma a 2019 kotu ta ɗaure Balkany saboda zambar haraji, ta kuma sami matarsa da laifin. Abin da zai ba ka mamaki, har gobe akwai tsofaffin da ba a isa a zage shi a gabansu ba. Sukan ce ya ci, amma ya yi aiki. Kai da ni mun sha jin wannan magana tun kafin in taka jirgi, kuma ban taɓa yarda da ita ba, domin ba a tambayi waɗanda tsadar haya ta kora ba.

Su ne kake gani da asuba a layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, su da 'yan'uwanmu baƙi daga Mali da Senegal da Maroko, suna shigowa daga unguwanni masu nisa don su share ofisoshi kafin masu su su iso, da yamma kuma su fice. Ni ma ɗakin da nake ciki can ƙarƙashin rufin bene yake, kuma in na gaya maka kuɗin hayarsa sai ka ce ba'a nake yi. Ina tunanin komawa wajen Clichy in shekara ta juyo, in Allah ya yarda. Zan aiko maka da sabon adireshi.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. In an sami mai tahowa, a taimaka mini da kilishi da yajin daddawa.

Naka har kullum,
Amininka