Hoton Mutum Biyar da ke Akwatin Baba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka gaishe mini da Inna da kyau, don rabin wannan wasiƙar tata ce, za ka ga dalili.

Tun rasuwar Baba akwatinsa na ƙarfe yake hannuna, amma ban samu ƙarfin zuciyar buɗe shi ba sai wata uku da suka wuce. Na tarar da takardu ɗaure da zare, da ambulan cike da hotuna baƙi da fari, wasu danshi ya cinye gefensu. Tun ranar nake bin diddigin asalinmu.

Da lissafi na fara. Iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, in ka hau hawa na goma mutum 1,024 ne a wannan hawan kaɗai. Cikin takwas ɗin nan biyar kawai na iya kawo sunayensu, kuma ukun da suka ɓace duka mata ne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Matar da ta haifi kakata, ta goya ta, ta raine ta, yau babu jikanta ko ɗaya da ya san sunanta na yanka. Takardun duk da sunan uba suke tafiya, uwa sai dai a ambace ta da sunan ɗanta.

Akwai wani hoto da muka tashi muna ji ana cewa kakan kakanmu ne. Da na sa gilashin ƙara girma na duba, sai ga agogo ɗaure a hannunsa. Agogon hannu bai yaɗu a tsakanin maza ba sai bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ƙare a 1918, shi kuwa wanda ake faɗa lissafi ya nuna ya riga mu gidan gaskiya tun kafin nan. Na kai wa Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakin su Baba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ai wannan ɗansa ne, dubi kunnen." Shekara da shekaru muna kiran mutum da sunan ubansa.

Takardun ma sai da haƙuri. Sunan kakana na same shi a rubuce iri uku, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji. Shekarunsa a takardar aiki da na fasfo sun bambanta da shekara huɗu, don da yawa a lokacin ƙiyasi ake yi. Wata wasiƙa kuma kwanan watan Hijira ke jikinta, 1360. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka sai ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, ya ba ni 1941. Na kuma leƙa FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin dangi, wanda wata coci a jihar Utah ta Amurka ke kula da shi kyauta. Yana da amfani, amma jerin dangin da ke ciki mutane ne irina suka shigar, kuskuren wani sai ya zama gadon wani. Yanzu ba na rubuta komai a littafina sai takarda da bakin dattijo sun haɗu a kai. In sun saɓa, nakan rubuta duka biyun, da wanda ya faɗa mini.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin ambulan akwai hoton mutum biyar, uku a zaune, biyu a tsaye. Na tsakiya Baba ne yana saurayi. Gwaggo ta gane biyu, ɗaya ta ce ta san fuskar amma sunan ya kwanta mata. Na biyar ɗin, wanda ke tsaye ta dama ya dafa kafaɗar Baba, da na gan shi sai da gabana ya faɗi, don kai na gani. Goshinka ne, har yadda kake karkata kai. Ka san iyayenmu sun yi aiki tare kafin a haife mu. Zuciyata ta ba ni marigayi mahaifinka ne, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Bayan hoton babu suna, babu shekara, sai hatimin mai ɗaukar hoto da ya kusa gogewa.

Na turo maka kwafinsa. Don Allah kada ka nuna wa Inna a tsaitsaye. Ka zauna da ita lokacin da hankalinta ke kwance, ka kunna rikoda a wayarka, ka miƙa mata ba tare da ka ce komai ba. In ka fara cewa "ba Baba ba ne wannan?" za ta iya amsa maka don ta faranta maka rai. Bar ta ta faɗa da kanta, ko da ta ɗauko wani labarin daban, kada ka katse ta. Gwaggo a irin wannan kewayen ta ba ni sunan ɗaya daga cikin matan nan uku.

In tana da nata hotunan, rubuta sunayen a baya da fensir mai laushi, ban da biro, tawadarsa na ratsa takarda. Kada ka bari a liƙe su cikin leda da na'ura mai zafi, ba a iya cirewa bayan haka. A ajiye su inda babu rana da danshi, ka kuma ɗauki hoton gaba da bayan kowanne.

Ka tambaye ta na ƙarshen hagu ma, mai riƙe da littafi, wanda Gwaggo ta manta sunansa. Ina jiran amsarka.

Naka,
amininka.