Surukata ta ƙi cin miyar da na ajiye a firiza, maigida kuma ya ce in ɓoye mata

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da duk masu taya ki aikin wannan fili. Allah Ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron damuwar mata. Ina roƙon a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Makka, muna zaune ta wajen Shara Mansur. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratso Chadi da Sudan, ya tsallako Bahar Maliya, ya sauke farali ya yi zamansa. Muna da 'ya'ya huɗu, kuma mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Hajiya, a wurinmu take. Damuwata a kan miya ce, amma ta kai inda take neman taɓa zaman gidana.

Hajiya tana da hawan jini da ciwon suga. Bara da jikin ya matsa mata muka kai ta asibiti, likita ya zaunar da ni da maigida ya ce mu faɗa masa abin da ake ci a gidan daga safe zuwa dare. Muka faɗa: da safe burodin tamis da dafaffen waken da ake kira ful da shayi mai suga, da rana kabsa ko wata shinkafar, da dare sau da yawa soyayyar kazar shago da dankali da lemon kwalba. Ganye sai in an yi tuwo, tuwon kuwa ba kullum ba. Ya ce magani shi kaɗai ba zai riƙe ta ba. Ya gaya mana Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin lissafin har da gishirin da ke ɓoye a burodi da dunƙulen ɗanɗano da abincin gwangwani. Ganye da kayan marmari kuwa aƙalla giram 400 ake so a rana. Ya kuma ja kunnen maigida cewa shi ma sugansa ya fara ɗagawa.

Ba ƙyuya ce ta sa muke sayen abincin dare a waje ba. Ina aiki a shagon ɗinkin mata, ina fita bayan la'asar, ban dawowa sai dare ya yi nisa, in Sallah ta gabato kuwa abin ya fi haka. Da safe ga shirin yara na makaranta, ga maganin Hajiya da karin kumallonta, ga abincin rana. Kin san miyar ganye ba ta son gaggawa. Tsinke alayyafo kaɗai da wanke shi har yashi ya fita aiki ne, kafin a zo ga fere kabewa da jajjage da gyaran gyaɗa. Albashin nan kuma ba zan iya barinsa ba, don da shi muke cika kuɗin haya.

Wata maƙwabciyata da ke aiki a kicin ɗin da ake dafa wa alhazai abinci ita ta nuna mini mafita. Ranar hutuna maigida yakan yi sammako zuwa kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya ya ɗauko tumatir da tattasai da albasa da kabewa da ganye, a kwali ya fi araha nesa ba kusa ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa a wurin matan unguwa muke samu, cikin kayan da masu Umara da Hajji ke shigowa da su daga gida. Sai in markaɗa kayan miya in zuba a babbar tukunya ba tare da mai ba, in bar su su yi ta tafasa har ruwan ya tsotse, tsamin tumatir ya mutu, su yi kauri su koma ja sosai. A nan nake sa mai cokali biyu kacal, in zuba ruwan naman da na riga na kwashe kitsen samansa, da daddawa da citta da tafarnuwa da masoro. Kabewa ce ke ba ta jiki, in ta dahu in farfasa ta da ludayi. Wani lokaci in watsa wake ko adas don ta riƙe ciki. Ganye shi ne na ƙarshe, alayyafo ko zogale ko lalon da Larabawa ke kira mulukiyya, kuma ba na barinsa ya daɗe a wuta, da ya risina nake saukewa tun yana kore shar. Gishiri ɗan kaɗan, dunƙule ɗaya a tukunyar da a da nake jefa wa biyar, kanwa kuma na daina gaba ɗaya, tun da aka ce ita ma sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinta, ga shi tana kashe wasu bitamin na ganye.

Wajen ajiyar ma ba da ka nake yi ba. Maƙwabciyar nan an koya musu a wurin aiki cewa ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 ma awa 1 ne. Wanda ya san Makka da bazara, lokacin da zafi ke wuce 40, ya san kicin ɗinmu ba wurin barin tukunya ba ne. Don haka da na sauke sai in tsoma gindin tukunyar a baho mai ruwan ƙanƙara ina juyawa, sannan in rarraba a ƙananan robobi marasa zurfi, kowace daidai cin dare ɗaya, in rubuta kwanan wata a murfi. Ta kwana 3 zuwa 4 tana firji, sauran na firiza a digiri 18 ƙasa da sifili. Wadda aka ciro a tafasa ta sosai, abin da ya rage kuma ba ya komawa.

Da farko komai ya tafi daidai. Babbar 'yata kan tuƙa tuwo bayan magariba ta ɗumama miya, kowa ya ci. Sayen kaza a waje ya ragu ƙwarai, kuɗin cefane ya sauka, awon da muke yi wa Hajiya a gida ya fara kyau. Tana dai ƙorafin cewa miyar salam take, amma tana ci.

Sai ranar da ta shigo kicin neman ruwan ɗumi ta tarar da ni na kife roba a tukunya, miyar ta faɗo dunƙule guda, a daskare, har da ƙara. Ta tsaya tana kallo, ta ɗauki murfin ta miƙa wa jikarta ta ce ta karanta mata abin da aka rubuta. Yarinya ta karanta kwanan wata. Hajiya ta ce, "Ashe ƙanƙara ake ba ni ina ci da tuwo? Ni da na zauna da uwar mijina, ban taɓa kai mata miyar da ba a ranar na ɗora ta ba." Da aka kai mata tire a daren ta turo shi waje, ta ce a ba ta burodi da shayi. Tun daga ranar in dai ta san daga firiza miya ta fito ba ta taɓawa, sai burodi da shayi mai suga, abin da likita ya fi hana ta.

Malama, ba na ganin laifinta, kuma ba na son wanda zai karanta wannan ya ɗauke ta a matsayin muguwar suruka. Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Duk haihuwata ita ta yi mini wankan jego. Ta yi shekaru tana tuƙa tuwon sayarwa ga alhazanmu, da shi ta taya mijinta rainon 'ya'yansu, kuma kullum sabuwar miya take yi. A wurinta hura wuta saboda mutum kowace rana shi ne girmama shi. Abin da ta gani a robar nan shi ne an gaji da ita. Wannan ne ya fi ci mini rai, don wallahi saboda ita na fara.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Hajiya na son ɗumame. Idan aka yi sabuwar miya ta yi saura, cewa take a tafasa ta da dare, a rufe, a bar ta a kan murhu kada kowa ya sa mata ludayi, da safe a ɗumama. Wannan a wurinta abinci ne mai albarka. Ni kuwa wannan miyar ce take ba ni tsoro, musamman ga tsohuwa mai suga, domin an gaya mini akwai ƙwayoyin cutar da ke barin guba a abincin da ya kwana a ɗumi, gubar da tafasa ba ta kashewa. A ƙauyen da ta taso, da sanyin hunturu, wataƙila tukunya ta kwana lafiya. A ɗakin girkin bene a Makka ban yarda ba. Kuma in aka duba, iyayenmu ai su ne gwanayen tanadi: kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir da zogalen da ake shanyawa duk miyar gobe ce aka shirya tun yau. Maƙwabtanmu Larabawa ma daskararriyar mulukiyya ta Masar suke saye a kanti su dafa, ba wanda ya ce an raina shi. Amma ni suruka ce, ba zan zauna gaban Hajiya ina kawo mata hujja ba. Na gwada ta bakin maigida, ta ce masa ai dama bakinsu ɗaya da matarsa.

Maganar har ta kai Jidda wurin ƙanwarsa. Ta kira ni ta ce, "Anti, in aikin ya yi miki yawa ki faɗa mu ɗauko Hajiya." Cikin ladabi ta faɗa, amma na gane inda ta dosa.

Yanzu shawarar maigida ita ce in ci gaba da yadda nake yi, sai dai a ɓoye. Ya ce a riƙa ciro miyar tun Hajiya na ɗaki, a juye a tukunya, a yanka ɗanyar albasa da ɗan sabon ganye a watsa don ƙamshi ya tashi, a kai mata a matsayin ta yau. Ya ce lafiyarta ake nema, ba cutarta ba. Na kasa amincewa, na kuma kasa ƙi. Yarana suna gani, su ne ma za a sa su yi. Ta yaya zan koya wa 'yata ta rufe kakarta, gobe in ce mata kada ta rufe ni? Ƙaramarsu kuma ba ta iya riƙe magana. Ranar da Hajiya ta gano, na tabbata ko ruwa na miƙa mata sai ta yi shakka. A ɗaya gefen kuma ina kallonta tana tsoma burodi a shayi, awon suganta yana komawa inda ya fito.

Don Allah Malama ki ba ni shawara, in da hali ki tambayar mini masana abinci da malamai. Wannan dabara ta maigida yaudara ce, ko tana cikin abin da ake yi wa mara lafiya don maslaharsa? Idan ba ta halatta ba, ta wace hanya zan bi in fahimtar da Hajiya ba tare da ta ji an mayar da ita yarinya ba? Na yi tunanin in roƙi wata aminiyarta da suke zuwa Harami tare ta yi mata magana, sai dai ina tsoron ta ce na kai sirrin gida waje. Na kuma yi tunanin in roƙi likitan ya faɗa mata da bakinsa a zuwa na gaba, don tana jin maganarsa fiye da tamu.

Akwai wata tsaka-tsakiya da ke zuwar mini a rai: in daina daskarar da miya gaba ɗayanta, in riƙa ajiye jajjagen da na dafa da ruwan nama da kabewa kawai, ganyen kuma in wanke in tsane in sa a firji, ita Hajiya da kanta ta zauna a kujera a kicin ta nuna wa jikarta yadda za a haɗa kowane dare. Ta haka miyar a ranar aka ɗora ta, kuma da hannunta a ciki, ba a ɓoye mata komai ba. Abin da nake tsoro shi ne in ludayi ya koma wurinta, gishiri da dunƙule da kanwa za su dawo. Yaya zan yi da wannan? Kwana nawa wankakken ganye zai yi a firji bai lalace ba? Me zan sa wa kuɓewa da lalo su yi yauƙi, me kuma zai kashe tsamin yakuwa in ba kanwa? Na gwada ƙara daddawa da busasshen kifi da baƙin lemon tsamin da ake sa wa kabsa don ɗanɗano ya fito, yara sun karɓa, ita dai har yanzu tana cewa da saura. Sannan kabewa da gyaɗar miyar taushe, wane kima ya dace da mai ciwon suga?

Ware mata tata tukunyar daban ba zai yiwu ba, don ta riga ta ce ita ba za ta ci abincin marasa lafiya ana cin na masu lafiya a gabanta ba, kuma ni ma ina son gidan duka ya koma cin abu ɗaya saboda maigida da yaran.

Azumi na tafe, lokacin da aikin shago ke ninkuwa, baƙi 'yan Umara kuma ke sauka a gidanmu. Ina son in san matsayata kafin lokacin. Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya ba Hajiya sauƙi tare da sauran marasa lafiya.

Wassalam,
'Yar'uwarki daga Makka